Kwana 80 kafin mai jego ta taka majami'a: Shari'ar Musa tana kanmu har yau?

Talatu: Salama a gare ku, 'yan'uwa. Ina da damuwa, kuma ba na so in je gidan surukai in yi magana da ka. Ƙanwata ta haihu mako uku da suka wuce, an samu 'ya mace. Naƙudar ta zo da gardama, sai da aka ƙara mata jini. Ranar Lahadi ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, ta goya jaririya za ta je sujada ta yi wa Allah godiya. Uwar mijinta ta tare ta a bakin zaure, ta ce ba za ta taka majami'a ba sai ta cika kwana 80, wai haka Littafin Firistoci sura 12 ya ce, da namiji ta haifa da 40 ne. Yarinyar ta koma ɗaki ta kwance goyo tana kuka. Na buɗe wurin na karanta da idona, kuma lallai haka yake a rubuce: namiji kwana 7 da 33, mace kwana 14 da 66. To, wannan doka tana kanmu? In tana kanmu, me ya sa ba a taɓa yi mana wa'azinta ba? In ba ta kanmu, wa ya ɗauke ta?

Iliya: Yaya Talatu, ba ma ƙarƙashin shari'a, muna ƙarƙashin alheri. Romawa 6:14. Tsohon Alkawari ya wuce, ta ɗauki 'yarta ta tafi sujada.

Baba Ishaya: Iliya ɗana, ka yi sauri. In ka ce ya wuce ɗungurungum, to kada ka yi kisankai ma a can yake, girmama uwa da uba a can yake. Ubangiji da bakinsa ya ce a Matiyu 5:17 bai zo ya shafe Attaura da annabawa ba, ya zo ya cika su. Abin da aka koya mana tun muna ajin baftisma shi ne dokokin kashi uku ne. Akwai na halin kirki, wato Dokoki Goma, suna nan har abada. Akwai na ibadar haikali, hadayu da wanke-wanke da abinci, waɗannan Almasihu ya cika su. Akwai na mulkin ƙasar Isra'ila, irin su jifa da diyya, sun tafi tare da mulkin. Maganar mai jego tana cikin kashi na biyu. Talatu 'yata, ki karanta ƙarshen surar. Idan kwanakin suka cika, matar za ta kai ɗan rago bana ɗaya da tattabara wurin firist, in ba ta da hali ta kai kurciyoyi biyu. Surukar ta tanadi ragon? Wane firist za a kai wa, a wane bagade? Romawa sun rushe Haikalin Urushalima tun shekara ta 70. Ba a raba dokar biyu, a riƙe kwanakin a bar hadayar.

Mama Saratu: Ni unguwarzoma ce, shekara da shekaru ina karɓar haihuwa. Hutun mai jego abu ne mai kyau, jiki yana bukatar kamar mako shida kafin ya koma daidai, kuma arba'in ɗin da muka gada a al'ada ba shirme ba ne. Wadda aka ƙara wa jini ma ni da kaina zan ce ta zauna ta sha kunun kanwa ta huta. Amma a ce mata "ki huta, 'yata, jikinki bai yi ƙwari ba" daban, a ce mata "ke ƙazantacciya ce a gaban Allah" daban. Ta biyun ce ta sa yarinyar nan kuka. Matar da ta shekara 12 tana zubar jini ta kutsa cikin taro ta taɓa rigar Yesu, bisa ga Littafin Firistoci 15 duk wanda ta goga ya ƙazantu. Bai tsawata mata ba. Ya kira ta 'yata, ya sallame ta da salama.

Yohanna: A kan kwana 80 ina tare da Baba, ya rataya ga hadaya, hadaya kuwa ta ƙare a kan gicciye. Amma tunda Baba ya ce Dokoki Goma suna nan har abada, ina roƙo a ƙirga su. Ta huɗu ita ce ka tuna da ranar Asabar ka kiyaye ta da tsarki. Ita ce mafi tsawo a cikinsu, kuma ba a Sina'i ta fara ba, tun Farawa 2 Allah ya huta ya tsarkake rana ta bakwai. Wa ya mayar da ita Lahadi? Sarki Kwanstantin ne ya kafa dokar hutun Lahadi a shekara ta 321. Ku kuna riƙe da tara, mu masu kiyaye Asabar muna riƙe da goma. Haka maganar abinci. Nuhu ya san dabba mai tsarki da marar tsarki tun kafin a haifi Musa, bakwai-bakwai da biyu-biyu ya shigar da su jirgi.

Iliya: Ɗan'uwa Yohanna, wahayin Bitrus a Yafa fa? An sauko masa da mayafi cike da dabbobi, aka ce ya yanka ya ci.

Yohanna: Bitrus da kansa ya fassara wahayin a gidan Karniliyus, Ayyukan Manzanni 10:28. Ya ce Allah ya nuna masa kada ya kira wani mutum marar tsarki. Mutum ya ce, bai ce alade ba.

Malam Dauda: Ku ba ni wuri in ɗan yi tsawo, domin ina ganin tun daga tushe muke kuskuren ɗaukar maganar.

Yohanna yana da gaskiya a abu guda, kuma kada mu yi masa kwana: in dai mun ce Dokoki Goma suna kanmu kamar yadda aka ba Isra'ila su, to Asabar tana kanmu, daga faɗuwar rana ranar Juma'a. Ba a fitar da ita da dabara. Inda nake rabuwa da Baba Ishaya, tare da girmamawa, shi ne rabon nan gida uku. Rabo ne mai amfani wajen koyarwa, malamai irin su Toma Akwinas sun tsara shi, yana cikin Ƙa'idodi 39 na Anglikan da kuma shaidar bangaskiya ta Westminster ta 1646. Amma Musa bai raba su haka ba. Ku buɗe Littafin Firistoci 19. Aya 18 ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Aya 19, wadda ke manne da ita, ta ce kada ka shuka iri biyu a gona ɗaya, kada ka sa tufa mai zare iri biyu. Babu wani layi da aka ja a tsakani. Wane manomi ne a cikinmu ba ya haɗa gero da wake a kunya ɗaya? Malaman Yahudawa sun ƙirga dokokin Attaura 613, a wurinsu kuma dunƙule guda ne. Bulus ma haka ya ɗauke su, ya gaya wa Galatiyawa duk wanda ya yarda aka yi masa kaciya don shari'a, wajibi ne ya kiyaye ta duka.

Tambayar Talatu ba sabuwa ba ce, ita ce rigima ta farko da ta kusa tsaga ikilisiya. Waɗansu suka sauko daga Yahudiya zuwa Antakiya suna cewa in ba a yi wa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, kaciya bisa al'adar Musa ba, ba za su sami ceto ba. Aka tura Bulus da Barnaba Urushalima, wajen shekara ta 49. A taron, Farisiyawan da suka ba da gaskiya suka faɗi abin da suke so ƙarara: a yi musu kaciya, a umarce su su kiyaye Shari'ar Musa. Bitrus ya miƙe ya ce don me za a ɗora wa almajirai karkiyar da su da kakanninsu suka kasa ɗauka. Yakubu ya yanke magana, aka rubuta wasiƙa da abu huɗu kacal: a guji abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Babu kaciya, babu Asabar, babu kwana 80. Mu kuwa al'ummai ne, wasiƙar nan da mu take.

Don haka ni abin da na gane, Shari'ar Musa alkawari ce da Allah ya ƙulla da Isra'ila a Sina'i. Irmiya 31 ya yi annabcin sabon alkawari, Ibraniyawa 8:13 ya ce da aka ce sabo an tsufar da na farko. Ba na yin sata, ba domin ina ƙarƙashin alkawarin Sina'i ba, sai domin Allahn da ya hana ta a can bai canja hali ba, Almasihu da manzanninsa kuma sun sake hana ta. A kan ranaku da abinci kuwa abin da manzanni suka ce daban ne. Kolosiyawa 2:16 ta ce kada kowa ya hukunta ku a kan ci ko sha ko idi ko tsayawar wata ko Asabar. Romawa 14 ta ce wani yana fifita wata rana, wani duk ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tabbata a zuciyarsa.

Yohanna: Malam, Asabar ɗin Kolosiyawa ta idodi ce, ba ta mako ba.

Malam Dauda: Na san wannan fassara, ɗan'uwa, amma dubi jerin: idi na shekara, tsayawar wata na wata-wata, sai Asabar. Shekara, wata, mako. Haka jerin yake zuwa a Tsohon Alkawari ma. Maganar Kwanstantin kuwa, ya mayar da Lahadi ranar hutun hukuma ne, bai ƙirƙiro sujadar Lahadi ba. A Taruwasa ranar farko ta mako suka taru gutsura gurasa, Ayyukan Manzanni 20:7. Yustin Mai Shahada ya kwatanta taron Lahadi dalla-dalla wajen shekara ta 150, Kwanstantin ko kakansa ba a haifa ba. Sai dai zan ba ka wannan: Kiristoci masu kiyaye Asabar ba su ɓace ba, shi ya sa taron Lawudikiya a ƙarni na huɗu ya ga sai ya kafa doka ya hana. Ni ba na tare da wannan hanin. Wanda ya keɓe Asabar saboda Ubangiji, ba ni da bakin hana shi. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a ce wanda bai kiyaye ta ba ya fita daga ceto.

Baba Ishaya: Dauda, na ji ka, kuma ban ƙi duka ba. Tsorona yaran yanzu. Ka ce musu shari'a ba ta kansu, abin da kunnensu zai ji shi ne an kwance musu linzami. Na ga haka da idona a cikin matasa.

Malam Dauda: Baba, Bulus ma an yi masa wannan zargin, shi ya sa ya tambaya ko za mu yi ta zunubi don alheri ya ƙaru, ya amsa da a'a, faufau. Wa'azin kan dutse bai sassauta komai ba. Shari'a ta hana kisa, Yesu ya kai hanin har kan fushi. Linzamin ya ƙara ƙarfi ne.

Rifkatu: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaɓe. Duk dokar da ake tonowa daga littattafan Musa sai ka ga a kan mace ta faɗo. Maimaitawar Shari'a 22:5 kowa ya haddace ta saboda wandon 'yan mata. Aya uku a gaba, aya 8, an ce in ka gina gida ka yi wa rufinsa katanga kada wani ya faɗo ya mutu, ban taɓa jin an tsayar da mai gida a kanta ba. Yaya Talatu, ina tambaya tsakani da Allah, a gidan surukan nan ana cin tarwaɗa? Domin Littafin Firistoci sura 11, wadda ta zo kafin wadda aka karanta wa ƙanwarki, ta haramta duk kifin da ba shi da ɓawo. Ta haramta zomo, ta haramta raƙumi. Fara ce ta halatta.

Talatu: Ana ci. Farfesun tarwaɗa aka yi wa mai jegon ma washegarin suna, ita surukar ce ta dafa da hannunta.

Mama Saratu: To kun gani, matar nan ba muguwa ba ce. Wadda ta tashi ta yi wa surukarta farfesu ba ƙinta take yi ba. Abin da ta tarar ake yi ne ta riƙe, tana tsoron kada a saɓa wa Allah a gidanta. A bi ta a hankali.

Habila: Tun ɗazu ina karantawa ban sa baki ba. Ni birkila ne. Bara na yi wa wani babba a ikilisiya aikin katanga, ni da yara biyu, kwana tara muna kwaɓa siminti cikin zafin bazara. Ya ba ni rabin kuɗi ya ce in dawo ƙarshen wata. Yau wata goma sha ɗaya. Yaran da na ɗauka sai da na sayar da akuyata na sallame su. Mutumin nan duk Lahadi in aka zo baiko shi ne mai karanta Malakai 3:10, yana cewa wanda bai kawo zakka ba ɗan fashi ne a gaban Allah. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce ka biya ɗan ƙodago hakkinsa a ranar, kada rana ta faɗi bai karɓa ba, domin matalauci ne, ransa yana kan kuɗin. Malam Dauda, in shari'a ba ta kanmu, wannan ayar ma ta tafi ke nan? Domin ita kaɗai nake karantawa in ji sanyi.

Malam Dauda: Sannu, Habila. Allah ya fitar maka da hakkinka. Ba ta tafi ba. Yakubu 5:4 ya ɗauko maganar, ya ce ladan ma'aikatan da kuka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Malakai ɗin ma da yake karantawa, aya biyar kafin ta goma, Allah ya lissafa masu zaluntar ɗan ƙodago a ladansa cikin waɗanda zai hukunta. Wannan ne nake so Iliya ya ji. Cewa ba ma ƙarƙashin alkawarin Sina'i ba ya nufin mu rufe littafin. Wani mai suna Markiyon ya gwada haka, ya ce a jefar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ikilisiyar Roma ta fitar da shi a shekara ta 144. Dubi yadda Bulus yake amfani da shi. Musa ya ce kada a sa wa sa takunkumi yana sussuka, Bulus ya ɗauko ta ya ce ma'aikaci ya cancanci ya ci daga aikinsa. Musa ya ce kada ka girbe gonarka har gefe, kada ka koma kala, ka bar wa matalauci da baƙo. Ba wanda zai kai ka gaban dattawa don ka tsince gyaɗarka tas, amma ayar ta nuna maka abin da Allah yake so da mai gona.

Iliya: Na karɓi gyara, Malam. To zakkar fa? Dole ce ko ba dole ba?

Baba Ishaya: Ibrahim ya ba Malkisadik ushiri tun kafin shari'a. Ni ina bayarwa shekara arba'in ban fasa ba, ban kuma ga tsiya ba.

Malam Dauda: Ni ma ina bayarwa, Baba, kuma ina ƙarfafa kowa. Amma in za a kafa ta da Musa, a karanta Musa duka. Littafin Ƙidaya 18 ya ba Lawiyawa ushiri domin ba su da gādon ƙasa. Maimaitawar Shari'a 14 ta yi maganar ushirin da mutum zai ci da iyalinsa a gaban Ubangiji, da na shekara ta uku da ake tarawa a gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Wato a Shari'ar Musa gwauruwa mai karɓa ce. Mu kuwa sai a rubuta sunanta cikin waɗanda ba su biya ba. Abin da aka ce mana a 2 Korantiyawa 9:7 shi ne kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da tilas ba.

Shugaban zaure: 'Yan'uwa, zakka za mu buɗe mata zare nata daban, in ba haka ba sai mu kwana a nan. A koma kan tambayar Talatu.

Yohanna: Kafin a rufe, ban gamsu da maganar Asabar ba, kuma zan dawo da Ibraniyawa 4. Amma a gaya wa ƙanwarmu babu abin da ya hana ta shiga gaban Allah. A kan wannan bakinmu ɗaya.

Rifkatu: Wata tambaya, Malam. Maryamu uwar Yesu ai ta cika kwanakin, har ta kai kurciyoyi. Surukar za ta iya kawo wannan.

Malam Dauda: Za ta iya, kuma gaskiya ne, Luka 2:22 zuwa 24. Maryamu Bayahudiya ce, haikali yana tsaye, Galatiyawa 4:4 kuma ta ce an haifi Yesu a ƙarƙashin shari'a domin ya fanshi waɗanda ke ƙarƙashinta. Kada kuma a ɗauka surukar ita kaɗai ce a duniya. Ikilisiyar Habasha har yau tana yi wa jariri namiji baftisma a kwana 40, mace a kwana 80, suna girmama Asabar tare da Lahadi, ba sa cin alade. Al'adarsu ce mai tsohon tarihi. Amma an taɓa yin wannan tambayar daidai irin ta Talatu. Wajen shekara ta 601, Agustin da aka aika ya kai bishara Ingila ya rubuta wa Fafaroma Giregori yana tambaya yaushe mai jego za ta shiga majami'a. Giregori ya amsa cewa ko a sa'ar da ta haihu ta shiga don yin godiya, ba ta yi zunubi ba.

Talatu: Na gode, iyayena da 'yan'uwana. Na karanta wa ƙanwata saƙonnin nan ta waya, muryarta ta sake. Amma ni ba zan iya tunkarar surukarta ba, za a ce 'yar'uwar amarya ta zo koya wa tsohuwa Littafi. Mijin kuma ba ya son ya ƙetare maganar uwarsa.

Baba Ishaya: Daidai ne, ba bakinki ba ne. Ki turo mini kwatancen gidan a keɓe. Zan fara yi wa fastonsu magana, in ya yarda mu je tare ranar Alhamis da yamma a matsayin barka. Saratu, ki shirya, maganar mata ta fi shiga daga bakinki.

Mama Saratu: Ina nan, Baba. Talatu, ki tambaye ta ko tana jin jiri in ta miƙe, kuma ko har yanzu tana shan maganin ƙarin jinin da aka ba ta. In tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, asibiti za mu fara kai ta kafin majami'a. Zan zo da abin awon jini.

Habila: Baba, in kun dawo daga can, ina roƙo ku ba ni lokaci ni ma.

Baba Ishaya: Ka same ni gida ranar Juma'a bayan addu'ar safe. Ka zo da lissafin kwanakin aikin da abin da aka ba ka a rubuce, da ɗaya daga cikin yaran da kuka yi aikin tare.